Sharhi a kan Littafin Janar Akbar Khan na Harin Kashmir

Abin da ya kawo wannan takarda shi ne wani littafi na Ingilishi mai suna Raiders in Kashmir, watau Mahara a Kashmir, wanda Manjo Janar Muhammad Akbar Khan na sojan Pakistan ya rubuta, aka buga a Karachi cikin 1970. Littafin ba shi da kauri, amma da wuya a sami mai rubutu a kan asalin rigimar Kashmir wanda bai leƙa shi ba, ko mutumin Indiya ne ko na Pakistan. Dalili kuwa shi ne mai littafin hafsa ne da ya ke da hannu dumu-dumu cikin al'amarin, ya kuma faɗi da bakinsa abin da gwamnatinsa ta yi musu a gaban duniya. Nufinmu mu duba shaidar da ya bayar, mu ga inda za a dogara da ita da inda ba za a dogara ba. Muna fata malaman tarihi na kwalejojin horon malamai za su sami misali a nan na yadda a ke auna maganar mutumin da ya ba da labarin aikin da shi kansa ya aikata.

Ƙasar da a ke jayayya a kanta

Sa'ad da Ingilishi suka bar ƙasar Hindu cikin watan Agusta 1947, aka raba ta biyu, Indiya da Pakistan. Banda lardunan da Turawa suka mulka da kansu, akwai ƙasashen sarakuna fiye da 500, kowane sarki kuwa aka ce ya zaɓi inda zai bi. Jammu da Kashmir tana cikin manyansu. Mutanenta wajen miliyan 4 ne, kashi uku cikin huɗu Musulmi, amma sarautar tana hannun gidan Dogra, mabiya addinin Hindu, tun 1846 da kakansu Gulab Singh ya karɓi Kashmir daga Kamfanin Ingilishi a kan rufi miliyan 7 da rabi. Sarkin zamanin sunansa Hari Singh. Sunan nan ba ruwansa da kalmarmu ta hari, saboda haka za mu riƙa kiransa da sarautarsa, Maharaja, don kada magana ta rikice.

Maharaja ya ƙi zaɓa, yana ta jan lokaci. Ana cikin haka sai Musulmin yankin Punch, waɗanda dubbai daga cikinsu tsofaffin soja ne na Yaƙin Duniya na Biyu, suka yi masa tawaye saboda nauyin haraji da tsananin sojansa. A lardin Jammu kuwa, cikin Oktoba da Nuwamba, aka kashe Musulmi masu yawan gaske, da hannun sojan Maharaja a ciki, saura suka gudu Pakistan. Ran 22 ga Oktoba mayaƙan ƙabilun Pashtun na kan iyakar Afganistan, Mahsud da Wazir da Afridi da sauransu, suka ƙetaro daga Pakistan cikin manyan motoci, suka ci Muzaffarabad, suka kama hanyar Srinagar babban birni. Maharaja ya gudu Jammu, ya sa hannu a takardar shigar ƙasarsa cikin Indiya mai kwanan wata 26 ga Oktoba, kashegari jiragen sama suka fara sauke sojan Indiya a Srinagar. Aka yi ta yaƙi har 1 ga Janairu 1949, aka tsaya kowa na riƙe da abin da ya kama. Layin da aka tsaya a kai, da 'yan gyare-gyare, shi ne ya raba Kashmir har wa yau.

Hari da yaƙi

Tun daga sunan littafin mai karatu zai gane inda marubucin ya dosa. Firayim Ministan Indiya, Nehru, shi ya riƙa kiran mutanen nan mahara don ya ƙasƙanta su. Akbar Khan ya ɗauki sunan ya rataya a wuya. Ya ce kai hari wani reshe ne na ilmin yaƙi, ya kuma ambaci su Mahmud na Gazna da Timur da Iskandari, cewa su ma an kira su mahara.

A nan Hausa za ta taimake mu, don ta bambanta abubuwan da ya so ya gama. Yaƙi yana da sarkin da ya aika, da tuta, da tambari, kowa ya san rundunar wane ce, in an ci gari kuwa a naɗa mai riƙonsa. Hari fita ce ta sauri, a fāɗa wa mutane ba su shirya ba, a kwashi abin da aka samu, a juya kafin gari ya farga. Ladan mahari ganima ce, ƙarfinsa kuwa yana ga saurin komawa gida. Su Mahmud na Gazna sarakuna ne, sun fito da sunansu da tutarsu, nasara tasu, zunubi ma nasu. Abin da aka shirya a 1947 wani abu ne dabam. An so a ci ƙasa a zauna a cikinta, watau amfanin yaƙi, amma aka zaɓi kayan aikin hari, don in an tambaya a ce ba a san zancen ba. Duk abin da ya lalace daga baya, daga wannan gamin gambizar ya fito, littafin kuwa ya nuna haka filla-filla ba tare da marubucin ya yarda ya faɗa ba.

Abin da littafin ya tona

Akbar Khan ba ƙaramin soja ba ne. An haife shi a 1912 a wajen Charsadda, shi ma Pashtun ne, ya yi karatun hafsa a Sandhurst, ya sami lambar jaruntaka a yaƙin Bama. Cikin Satumba 1947 yana Kanar, shi ne shugaban ofishin makamai da kayan yaƙi a hedkwatar soja ta Rawalpindi. Ya ba da labarin yadda ya sadu da Sardar Ibrahim Khan, ɗaya daga shugabannin 'yan tawayen Punch, a garin Murree, yana neman bindiga 500. Sa'an nan Mian Iftikharuddin, wani jigo na jam'iyyar da ke mulki, ya nemi ya rubuta tsarin yadda za a jawo Kashmir cikin Pakistan, da sharaɗin kada a ga hannun gwamnati, kada sojan Pakistan su shiga a fili.

Ya rubuta tsarin, na tayar da tawaye daga cikin Kashmir. Wajen makamai kuwa, ya san akwai bindiga 4,000 da aka riga aka ba da iznin miƙa wa 'yan sandan Punjab, sai ya shirya a karkatar da su. Akwai kuma harsasai da aka ce sun tsufa za a zubar a teku, su ma aka tare su. Duk wannan an yi shi a ɓoye daga Babban Kwamandan sojan Pakistan, Janar Messervy, wanda Bature ne. Ran 12 ga Satumba aka yi taro a Lahore a gaban Firayim Minista Liaquat Ali Khan, aka raba aiki. Sardar Shaukat Hayat Khan ya zama shugaba, Zaman Kiani ya riƙe kudu, Khurshid Anwar ya riƙe arewa.

Wannan kashi shi ne mafi daraja cikin littafin, kuma shi ya fi cancanta a gaskata. Ƙa'ida ce sananniya ga masu auna shaida, in mutum ya faɗi abin da zai cuci ɓangarensa, maganarsa ta fi nauyi. Cikin Janairu 1948 wakilin Pakistan, Zafrullah Khan, ya tsaya gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya musa cewa gwamnatinsa na taimakon maharan. Shekara 22 bayan haka ga hafsan da ya riƙe mabuɗin rumbun makamai yana lissafa bindigogi da ranakun taro. Amma kada a zarce da wannan. Marubutan Indiya da yawa sun ɗauki littafin hujja cewa duk abin da ya faru daga waje aka kawo shi. Littafin bai ce haka ba. Tawayen Punch ya riga bindigogin nan, kuma Christopher Snedden ya nuna a littafinsa na 2012 cewa mutanen ƙasar da kansu ne suka fara tashi. Abin da Akbar Khan ya tabbatar shi ne gwamnati ta zuba wa wutar itace, ta kuma ce ba ta je wurin ba.

Inda shaidar ta yi rauni

Da aka zo kan mayaƙan ƙabilu sai alƙalamin ya sake tafiya. Mutumin da ya tuna adadin bindiga da sunayen waɗanda suka zauna taro, sai ga shi ya ce ba zai iya faɗin lokacin da aka yanke shawarar sako ƙabilun ba, ko da ya ke ya yarda yana jin labarin Khurshid Anwar na tara gayya. Mai yiwuwa ne gaskiya ya faɗa, don shirin yana da kawuna da yawa, ba su kuma jituwa. Amma mai karatu ya lura da abin da wannan rashin sani ya saya masa. Ya ba shi damar yabon jaruntakar maharan a matsayin ɗan'uwansu, ya kuma tsame kansa daga abin da suka aikata.

Abin da suka aikata kuwa a rubuce ya ke. Sun shiga Baramulla wajen 26 ga Oktoba, saura mil 35 kaɗai su kai Srinagar, hanya a shimfiɗe, sojan Maharaja sun watse. Suka tsaya wasoso. Aka ƙone gidaje da kantuna, aka kashe mutane, aka kwashe mata. Mabiya Hindu da Sikh suka fi shan wuya, amma Musulmin garin ma ba su tsira ba. Ran 27 ga wata aka fāɗa wa asibitin mishan na St Joseph aka kashe mutum shida, cikinsu har da wata sista 'yar Sifen, da Kanar Dykes da matarsa wadda ta zo haihuwa. Andrew Whitehead ya bi sawun wannan rana a littafinsa na 2007, ya ji daga bakin waɗanda suka gani. Wani saurayi Musulmi, Maqbool Sherwani, mabiyin Shaikh Abdullah, shi ma a garin maharan suka kashe shi.

Akbar Khan ya isa Baramulla 'yan kwanaki bayan haka, bai kuma ɓoye cewa garin ya lalace ba. Sai dai ya kwatanta shi da garin da girgizar ƙasa ta auka wa. Kwatancin nan ya isa a tsaya a kansa da ɗalibai, don girgizar ƙasa ba ta da mai aikowa, ba a kai ta gaban alƙali. Tambayar da ta dame shi ita ce me ya sa aka ɓata kwana biyu a garin, har sojan Indiya suka riga su filin jirgin sama. Ya karkata ga cewa Khurshid Anwar ne ya tsaya jiran shugabannin Kashmir don a yi maganar muƙaminsa cikin gwamnati mai zuwa. Watau a lissafinsa hasarar Baramulla ta lokaci ce.

Shi kansa ne ya rushe wannan bayani daga baya. A wata hira da wata mujallar soja ta Karachi ta buga cikin 1985, ya ce yarjejeniyar da ke tsakanin ƙabilun da Khurshid Anwar ita ce za su kwashi dukiyar waɗanda ba Musulmi ba, ba su da wani lada sai wannan. In haka ne, tsayawar Baramulla karɓar albashi ce. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Hafsan da ya yi Sandhurst, ya kuma tashi a bakin ƙasar ƙabilun nan, ba zai ce bai san halin rundunar gayya ba.

Akwai hasara ta biyu da littafin bai ƙirga ba. Hujjar Pakistan duka a kan Kashmir ita ce mutanenta Musulmi ne, da an tambaye su Pakistan za su zaɓa. Amma labarin Baramulla ya riga maharan isa Srinagar, mabiyan Shaikh Abdullah suka ɗauki sanduna da 'yan bindigogi suna tsaron birni, Indiya kuwa ta sami abin da ba ta da shi a da, watau takardar Maharaja da dalilin sauke soja. Harin da aka kai don a hana Kashmir shiga Indiya shi ya gaggauta shigarta.

Janar Tariƙ

Bayan saukar sojan Indiya aka naɗa Akbar Khan mai ba Firayim Minista shawara kan yaƙin, daga baya ya riƙe ragamar fagen da sunan aro, Janar Tariƙ, sunan Tariƙ bin Ziyad wanda ya ƙetara teku zuwa Andalus a 711. Babin da ya ba da labarin waɗannan kwanaki shi ne ya fi daɗin karatu. Ran 7 ga Nuwamba sojan Indiya suka karya maharan a Shalateng, bakin Srinagar, da motoci masu sulke da jiragen sama. Ƙabilun suka hau motocinsu suka yi gida, ba wanda ya iya tsai da su. Ya ba da labarin yadda ya rage da 'yan mutane ƙalilan a wajen Uri, suna karya gadoji, suna harbi daga kan duwatsu don a zaci suna da yawa. A nan rubutunsa na soja ne sosai, gajerun jimloli, ya san hanya da kogi da tudu, ba ya cika baki fiye da kima. Ya kuma yi bayani mai amfani a kan yadda ɗan ƙabila ya ke yaƙi, cewa gwani ne a kwanton ɓauna cikin duwatsu, amma ba ya zama cikin rami ya tsare wuri.

Sai dai wannan bayani hukunci ne a kan shirin duka. Ana ba da labari cewa Tariƙ na farko ya ƙone jiragensa don kada kowa ya yi tunanin komawa. Rundunar Tariƙ na biyu motocinta na tsaye a bakin hanya, cike da kaya. Sunan aron ma yana da aikinsa. Hafsa ne mai cin albashin gwamnati, yana ba da umurni a fagen da gwamnatin ta ce ba ta da kowa a ciki. Sai cikin Mayu 1948 rundunonin Pakistan suka shiga sosai, aka kuma shaida wa wakilan Majalisar Ɗinkin Duniya haka cikin Yuli. Akbar Khan ya riƙe birged a wannan kashi na yaƙin, da sunansa na gaskiya.

Laifin wa?

Jigon littafin daga tsakiya zuwa ƙarshe shi ne an kusa cin Kashmir, 'yan siyasa da hafsoshin Turawa suka hana. Ya ce ya ba da shawara a tare hanyar Jammu, wadda ita kaɗai ce ta haɗa Kashmir da Indiya ta ƙasa, aka ƙi. Ya ce da an ba da 'yan motoci masu sulke da an shiga Srinagar, aka hana. Ya ga tsai da yaƙin da aka yi a 1949 kuskure ne.

Maganar tana da ƙamshin gaskiya ta wani gefe. Gwamna Janar Jinnah ya umurci Janar Gracey ya tura soja ran 27 ga Oktoba, Gracey ya ƙi, Auchinleck kuwa ya zo Lahore kashegari ya ce in aka yi haka za a janye dukan hafsoshin Ingilishi. Amma marubucin bai auna ɗaya gefen da adalci ba. Pakistan tana da wata biyu da haihuwa, miliyoyin 'yan gudun hijira na kwarara cikinta, ba ta gama karɓar rabonta na makamai da kuɗi daga Indiya ba. Motoci masu sulke ba sa ɓoyuwa kamar bindiga, fitarsu shelar yaƙi ce, yaƙin kuwa ba a Kashmir kaɗai zai tsaya ba, Lahore tana mil kaɗan daga iyaka. Sharaɗin da ya karɓa tun a Murree, na kada a ga hannun gwamnati, shi ne ya dawo ya ɗaure shi. Ba daidai ba ne mutum ya yarda da sharaɗi ran shiri, ya kira shi tsoro ran da ya matse shi.

Wannan ɓacin rai bai tsaya a takarda ba. Cikin Maris 1951, yana Manjo Janar kuma shugaban ma'aikatan hedkwatar soja, aka kama shi da waɗansu hafsoshi da mawaƙi Faiz Ahmed Faiz, bisa zargin shirya kifar da gwamnatin Liaquat Ali Khan. Wannan shi a ke kira Maƙarƙashiyar Rawalpindi, yunƙurin juyin mulki na fari a tarihin ƙasar. Aka ɗaure shi, aka sake shi a 1955. Lalle mai karatu ya riƙe wannan a zuci, don littafin na mutum ne da ke kāre kansa, waɗanda ya ɗora wa laifi kuwa su ne gwamnatin da ta kama shi. Akwai kuma darasi da ya fi wannan. Gwamnatin farar hula ce da kanta ta koya wa Kanar ya ɓoye wa kwamandansa magana, ya karkatar da kayan gwamnati don wata manufa da ya ga ta fi doka. Shekara uku da rabi bayan haka ya juyo da wannan karatu kanta.

Dabarar ma ba ta mutu ba. Cikin Agusta 1965 aka sake tura mutane a ɓoye cikin Kashmir, aka sa wa shirin suna Jibralta, watau Dutsen Tariƙ, mutanen kwarin ba su tashi ba, abin ya zama yaƙi sosai har bakin Lahore. A 1999 aka maimaita a Kargil, aka ce 'yan sa kai ne, daga baya ta bayyana soja ne. Akbar Khan ya rubuta littafinsa shekara biyar bayan 1965, yana da damar ya ga inda hanyar ta kai, amma abin da ya ɗauka shi ne ba a yi harin da ƙarfi yadda ya kamata ba. Ya rasu a 1993.

Yadda za a yi amfani da littafin

Hukuncinmu shi ne littafin shaida ce mai ƙarfi a kan shiri da makamai da yanayin fage, mai rauni a kan alhakin abin da aka yi wa talakawa, sa'an nan a kan 'yan siyasa ƙara ce ta mai ƙara, sai an ji ta bakin wanda a ke ƙara. Malamin da zai kai shi aji, ya kyautu ya zaɓi wurare biyu, labarin bindiga 4,000 da labarin isowa Baramulla, ya sa ɗalibai su ƙirga sau nawa marubucin ya ce ni na yi a na farko, sau nawa kuma aikin ya zama ba mai shi a na biyu. Sa'an nan ya ajiye musu labarin Whitehead kusa da shi, da labarin kisan Jammu, don kada su fita da zaton ɓangare guda ne kaɗai ya zub da jini. Ɗalibin da ya iya wannan aiki a kan Akbar Khan zai iya yinsa a kan kowane jarumi da ya rubuta tarihin kansa, na nesa ko na gida.